Faifan Baba, babu talla a ciki

Baba mutum ne mai son shirye-shiryen dabbobi da na teku, sai kuma waɗanda ake nuna yadda aka gina gadoji da madatsun ruwa da manyan jirage. Haka na taso na gan shi. Abin da ya sauya shi ne kunnensa. Shekara huɗu ke nan da aka sa masa na'urar ji a kunnuwa biyu, kuma tun daga nan kallon talabijin ya zame masa aiki. Masu ba da labari a irin waɗannan shirye-shirye a hankali suke magana, kamar masu gudun kada su firgita dabbar da ake nunawa, don haka Baba yakan ƙara sauti har sai ya ji su sosai. Ana cikin haka sai talla ya faɗo da kiɗa da kururuwa. Sai ka ga dattijo ya zabura yana laluben rimot a gefen kujera, kafin ya sami maɓallin, ƙarar ta riga ta shige masa kai.

Wata rana na shiga gaishe shi, na tarar ya cire na'urorin biyu ya ajiye a kan tebur, yana kallon allo shiru. Na ce, "Baba, ai haka ba za ka ji abin da suke faɗa ba." Ya ce, "Ƙyale ni, gara in ga kifin kawai." Maganar nan ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Daga ita na fara naɗar masa shirye-shirye, in cire tallan da hannuna, in zuba a faifan DVD in kai masa.

Da farko na ɗauka tashoshi ne ke murɗa sauti sama idan lokacin talla ya yi. Ashe abin ya fi haka dabara. Sautin shiri yana da hawa da sauka, akwai raɗa, akwai shiru, akwai rurin zaki sau ɗaya a minti goma. Shi kuwa talla sakan talatin gare shi, shi ya sa masu haɗa shi ke matse sautinsa, su ɗaga mai rauni har ya kusa kamo mai ƙarfi, ta yadda daga farko har ƙarshe yana manne da iyakar da aka yarda a kai. Ƙorafin jama'a ya yi yawa har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a kan haka a 2010, ta fara aiki a watan Disamba na 2012. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ma ta fitar da nata ma'aunin a 2010. Sai dai matsakaicin ƙara suke aunawa, kuma matsakaici ba ya ceton wanda ya ƙara sauti don ya ji raɗa, talla ya biyo bayan raɗar nan take.

Ƙanwata ta ce me zai sa in wahalar da kaina da faifai a wannan zamani, in zuba masa komai a filash mana in huta. Na gwada. Baba ya soka filash ɗin, allo ya cika da ƙananan rubutu, jaka cikin jaka, ya danna nan ya danna can, daga ƙarshe ya zare ya ba ni abina. Faifai kuwa ya san shi shekaru da yawa. Yana ɗaukarsa a hannu, yana karanta sunan da na rubuta da manyan baƙaƙe, ya danna maɓalli ɗaya tire ya fito, ya ɗora, ya mayar, shiri ya fara. Ba ya jiran kowa. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa kansa komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa har yau ban bar faifai ba.

Na fara ne da tsohuwar na'urar naɗar DVD mai rumbun ajiya a ciki, irin wadda ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin. Aikinta a bayyane yake. Ka naɗi shiri a rumbun, ka buɗe shi da rimot, ka sa alama a inda talla ya fara, ka sa wata a inda ya ƙare, ka share tsakaninsu, sannan ka kwafe abin da ya rage zuwa faifai. Tana da matakan inganci guda huɗu: XP mai cika faifai da awa ɗaya, SP awa biyu, LP awa huɗu, EP awa shida. Na yi kwaɗayin LP sau ɗaya don in tara masa shiri biyar a faifai guda, na ga abin da ya yi wa ruwa. Duk inda igiyar teku ta motsa, ko garken tsuntsaye ya tashi, hoton sai ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Shirin mutum biyu suna hira a zaune zai jure LP, shirin teku ba zai jure ba. Tun daga nan ban sauka ƙasa da SP ba.

Abu biyu na koya a wurin wannan na'ura da suka cancanci a faɗa wa duk mai irinta. Na farko, a rumbu ake gyara, ba a faifai ba. Idan ka naɗa kai tsaye a DVD-R, faifan da ake bugawa sau ɗaya tak, abin da ya shiga ya shiga ke nan, ko ka share talla wurin da ya ci ba zai dawo ba. DVD-RW, wanda ake iya gogewa a sake bugawa, yana yarda da gyara idan an tsara shi a tsarin da ake kira VR, amma na'urorin kallo da yawa ba sa karanta wannan tsari. Na biyu, sai an rufe faifai. Faifan farko da na kai wa Baba da murnata, na'urarsa ta juya shi ta juya ta ce babu komai a ciki, alhali a gidana ya yi lafiya lau. Ban san cewa akwai mataki na ƙarshe ba, inda na'ura ke rubuta jadawalin abin da ke cikin faifan ta kulle shi. Kafin a yi haka, wadda ta naɗe shi ce kaɗai ke gane shi.

Da na'urar ta tsufa, tiren ya fara ƙin fitowa, sai na koma kwamfuta. Na sayi 'yar na'urar kama tasha da ake sokawa ta USB, na haɗa ta da eriya. Daɗin wannan hanya shi ne, tashoshin dijital suna aiko da hoto ne a riga an matse shi, kwamfuta kuma ba ta taɓa shi, tana ajiye shi ne yadda ya zo a fayil mai ƙarewa da .ts. Abin da tasha ta watsa shi ne abin da ke hannunka, babu ragi. Nakan sa naɗin ya fara minti uku kafin lokaci, ya ƙare minti goma bayan lokaci, domin tashoshi ba kullum suke cika alƙawarin agogo ba, kuma babu takaici kamar shirin da aka yanke wa wutsiya.

A nan ne na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai tun zamanin waccan na'ura: me ya sa idan na sa alama daidai a inda talla ya ƙare, wani lokaci sai in ga guntun tallan ya leƙo na ƙiftawar ido, wani lokaci kuma kalmar farko ta mai magana ta ɓace?

Amsar tana cikin yadda ake ajiye hoto mai motsi. A tsarin talabijin na PAL, irin na Turai, ana nuna hoto 25 a kowane sakan, a NTSC, irin na Amurka, kusan 30. Da za a ajiye kowanne cikakke, da faifai bai ɗauki ko minti goma ba. Don haka tsarin MPEG-2, wanda DVD ke amfani da shi, yakan ajiye cikakken hoto guda ɗaya, ni nakan kira shi uban hoto, sannan waɗanda ke biye da shi ba a ajiye komai nasu sai bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu. Kifi ya matsa dama kaɗan, dutsen da ke bayansa yana nan inda yake, to motsin kifin kawai ake rubutawa. Wasu daga cikinsu na baya suke dogara da shi, wasu kuma suna leƙa na baya da na gaba duka biyu. Bayan kusan rabin sakan sai wani uban hoton ya zo, a sake sabon rukuni. A ƙa'idar DVD rukuni ba ya wuce hoto 15 a PAL, ko 18 a NTSC. A tashoshi masu hoto mai kaifi da ke amfani da tsarin matse hoto na H.264 tazarar tana iya fin haka.

To ka ga, idan ka fara yanki a tsakiyar rukuni, ka ɗauko 'ya'ya ka bar ubansu a baya. Na'urar kallo za ta karɓi umarnin "matsar da wannan dama kaɗan" ba tare da ta san mene ne wannan ɗin ba. Sakamakon shi ne hoto mai kore-kore ko toka-toka da ke wargajewa har sai uban hoto na gaba ya iso. Don gudun haka ne manhajoji ke janye alamarka zuwa uban hoto mafi kusa, ko gaba ko baya, ba tare da sun tambaye ka ba. Idan suka ja baya, guntun talla ya shigo. Idan suka tura gaba, kalma ta tafi.

Hanya uku ce a gaban mai yanka. Ko ka sake matse fayil ɗin gaba ɗaya, ka yanka a duk inda ka ga dama, amma ka yi asarar inganci da sa'o'i. Ko ka yi yanka a kan uban hoto kawai, a kwafe sauran yadda yake, wanda manhajar Avidemux ke yi idan ka bar hoto da sauti a kan kwafi, haka ma LosslessCut, kuma fayil ɗin awa ɗaya yakan gama cikin ƙasa da minti ɗaya. Ko kuma ka sami manhajar da ke sake matse 'yan hotunan da ke bakin yankan kaɗai ta kwafe sauran. Ni ta biyu na riƙe. Dokata guda ce: idan shiri zai dawo daga talla, uban hoton da ke kafin dawowar nake zaɓa, ba na bayanta ba. Yawanci tasha takan saka baƙin allo ko tambarinta na ɗan lokaci a wurin, kuma gara Baba ya ga baƙin allo na rabin sakan da ya rasa farkon jimla. Wanda ke fama da ji, farkon jimla shi ne igiyar da yake kamawa ya bi sauran.

Akwai manhajoji da ke neman talla da kansu, irin su Comskip, da wanda ke cikin MythTV, manhajar naɗar talabijin. Yadda suke aiki abin sha'awa ne, domin ba su san mene ne talla ba, alamu kawai suke bi. Suna duba inda allo ya yi baƙi ƙirin, da inda sauti ya ɗauke ɗif, da inda tambarin tasha da ke kusurwa ya ɓace, da inda faɗin hoto ya sauya, da inda hotuna ke canzawa da sauri fiye da yadda shiri ya saba. Suna kuma auna tsawo, tunda tallace-tallace sukan zo sakan 15, ko 30, ko 60. Idan alamu da yawa suka haɗu a wuri guda, sai su ce nan ne. A shirin hira ko wasan kwaikwayo mai haske sukan dace ƙwarai.

Na taɓa sakin jiki da wata irin wannan manhaja fiye da kima. Na saita ta ta nemo talla, ta yanke, ta share asalin fayil ɗin don in sami wuri a rumbu, duk cikin dare ina barci. Makonni aka yi lafiya. Sai aka nuna wani shiri a kan ƙarƙashin teku, can ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa, shirin da Baba ya yi mako guda yana tuna mini ranarsa. Na zuba a faifai ban kalla ba, na kai masa. Washegari da na je ya ce, "Wannan faifan naka akwai abin da ya faru da shi. Mai maganar ya ce bari a kashe fitilun jirgin mu ga abin da zai faru, sai kawai na ga mun dawo saman ruwa."

Na koma gida na duba. An kashe fitilu, allo ya yi baƙi, mai magana ya yi shiru don mai kallo ya ga halittun da ke ba da haske da jikinsu. Bayan kusan minti huɗu aka sake wani duhu da wani shirun kafin a tashi sama. Duhu da shiru a nan, duhu da shiru a can, tsakaninsu daidai tsawon hutun talla. Manhajar ta yi abin da aka gina ta ta yi, ni ne na ba ta wuƙa na kuma ba ta izinin share asali. Zuciyar shirin ke nan ta tafi, kuma babu inda zan dawo da ita. Na ji nauyin abin nan sosai, domin Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ba komai, Allah ya sa su maimaita."

Tun daga ranar manhaja shawara take ba ni, yanka nawa ne. Tana fitar da jerin wuraren da take zargi, ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya. Shirin awa ɗaya mai hutu huɗu wuri takwas ke nan, sai farko da ƙarshe, goma. Minti goma zuwa sha biyar ya ishe ni. Asalin fayil kuwa ba ya barin rumbu sai Baba ya kalli faifan ya ce mini ya yi.

Da hannu ya saba, sai na lura cewa gano talla shi ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne abin da ke gefensa. Kafin a tafi hutu sukan nuna ɗanɗanon abin da ke tafe, bayan an dawo kuma su maimaita abin da ya wuce don wanda ya shigo a makare. Idan ka cire tallan kaɗai, zaki ɗaya zai yi tsalle ɗaya sau uku cikin minti guda. Ɗanɗanon gaba kullum nake cire shi, yana ɓata daɗin jira. Maimaicin baya kuwa sai na saurari kiɗan da ke ƙarƙashinsa. Idan yankan zai sare kiɗa a tsakiya, nakan bar maimaicin, domin kunne ya fi ido saurin kama ɗinki. Sannan duk inda na cire talla nakan sa alamar babi. Waɗanda suka shirya shirin sun gina shi ne da sanin za a tsaya a wuraren nan, don haka nan ne labari ke numfasawa. Idan Baba ya gaji ya kashe, gobe maɓalli ɗaya zai kai shi inda ya tsaya.

Rubutun ƙasan allo ya ba ni wahala fiye da komai. Tashoshi da yawa suna aiko shi a layinsa daban cikin fayil ɗin, kuma wasu manhajojin yanka sukan zubar da shi ba tare da sanarwa ba. Ga Baba rubutun nan rabin shirin ne. Dole a yanke shi tare da hoto a lokaci guda, in ba haka ba bayan hutun farko zai koma baya da minti uku ko huɗu, kana ganin giwa ana rubuta maganar kada. DVD yana iya ɗaukar layin rubutu har 32 da layin sauti 8, wuri ba matsala ba ne, sai dai kula. Haka kuma baki da murya. Idan iska ko ruwan sama ya taɓa sigina lokacin naɗi, wasu hotuna sukan ɓace, daga nan sauti ya fara zamewa. Shi ya sa nake gyara fayil ɗin kafin yanka, kuma kafin in buga nakan tsallaka minti biyar na ƙarshe in kalli leɓen mai magana. Idan ƙarshe ya daidaita, tsakiya ma ta daidaita.

Batun wuri lissafi ne mai sauƙi. An rubuta gigabait 4.7 a jikin faifai, kwamfuta kuma za ta nuna maka kusan 4.37, saboda masu faifai da dubu suke ƙirga, ita kuma da 1024. Mai hawa biyu yana ɗaukar 8.5, faifan Blu-ray mai hawa ɗaya 25. Shirin awa ɗaya da aka yi don tashoshin kasuwanci na Amurka yakan kasance minti 42 zuwa 44 idan an cire talla. Ka ɗauki guda uku masu minti 43, minti 129 ke nan, kowane sakan zai sami kusan megabit 4.8 a faifai ɗaya. Da tallansu minti 180 ne, rabon kowane sakan ya sauka zuwa kusan 3.5. Wato cire talla yana ƙara wa hoton kansa kyau, tunda wurin da talla zai ci ya koma wa igiyar ruwa da gashin damisa. Idan tasha mai hoto mai kaifi ce, babu makawa sai an sauke shi zuwa girman hoton DVD, wato ɗigo 720 a 576, ko 720 a 480 a ƙasashen NTSC, an mayar da shi MPEG-2, kuma wannan matsewa sau ɗaya tak nake yarda a yi, bayan an gama yanka. A tabbata kuma alamar faɗin allo ta 16:9 tana nan, in ba haka ba raƙumin dawa zai ƙara tsawo, dorina ta rame. Da manhajar DVDStyler nake haɗa faifan, kuma ba na sa masa shafin zaɓi ko kaɗan. Ana sakawa shiri ya fara.

Wajen bugawa ba na gaggawa. Ko faifai ya ce yana iya gudu 16, a 4 ko 6 nake bugawa, sannan in sa kwamfuta ta sake karanta shi ta gwada da asali. Faifan da ake bugawa a gida rini ne a cikinsa wanda haske ke ƙonawa ya bar alamu, kuma rini ba ya shiri da rana da zafi. Ina ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, nesa da taga. Ba na manna takarda a kansu, domin tana iya sa faifai ya rinjayi gefe guda idan yana juyawa, da alƙalami mai laushin baki nake rubutu. Kowane faifai kuma yana da kwafi a rumbu, wanda ya karce in sake buga wani.

Wani abokina ya taɓa ce mini abin da nake yi cin amanar tasha ne, tunda talla ne ke biyan kuɗin shirin. Ban raina maganarsa ba, akwai gaskiya a ciki. Mutanen da suka kwana wata da watanni a jirgi don su ɗauko minti huɗun nan, da kuɗin talla aka biya wasunsu. Rigimar ma tsohuwa ce. A 1984 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa naɗar shiri a gida da na'urar Betamax ta kamfanin Sony don a kalla daga baya bai saɓa dokar haƙƙin mallaka ba. Hukuncin ya tsaya ne a kan jinkirta kallo, bai buɗe ƙofar komai da komai ba. A 2001 manyan tashoshi da kamfanonin fina-finai suka kai masu na'urar naɗar talabijin ta ReplayTV ƙara, ɗaya daga cikin dalilan shi ne tana tsallake talla da kanta, kamfanin kuma ya durƙushe a 2003. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya san ta inda yake. Ni iyakata a fili take: ba na sayarwa, ba na ɗorawa a intanet, ba na rarrabawa, kuma tashar da ta kulle shirinta da kariyar hana kwafi ba na fasa mata kulle. Faifan daga hannuna sai ɗakin Baba. Mutumin da talla ya kora daga jin shiri gaba ɗaya, ban ga abin da mai talla ya rasa a wurinsa ba.

Duk da haka akwai abin da ya sa na rage ƙin talla. Na karanta labarin Marion Stokes, wata mata a birnin Filadelfiya da ta taɓa aikin ɗakin karatu, wadda ta yi ta naɗar talabijin dare da rana tun daga 1979 har rasuwarta a watan Disamba na 2012. Ta bar kaset kusan dubu saba'in, aka miƙa su ga Internet Archive, wata ma'ajiyar tarihi ta intanet. Ba ta tsaya tace komai ba, labarai da talla duk tare ta kwashe. Na yi tunani a kai, na ga cewa shirin teku za a iya sake nuna shi bayan shekara ashirin, amma tallan da aka saka a tsakiyarsa babu mai sake nuna shi, alhali shi ne ke ɗauke da irin wayar da mutane ke riƙewa a shekarar, da irin motar, da irin maganar. Saboda haka sau ɗaya a shekara nakan naɗi yamma guda cur, awa uku, ban taɓa ko sakan ɗaya ba, in rubuta kwanan wata in ajiye. Guda huɗu gare ni yanzu. Wannan ba na Baba ba ne, na 'ya'yana ne idan sun girma.

Shirin ƙarƙashin tekun kuwa sai bayan wata takwas aka maimaita shi, da tsakar dare. Kullum ina duba jadawalin tashar har na gan shi. Na naɗa, na zauna da safe na bi shi hoto bayan hoto, na bar duhun nan yadda yake, ko sakan ɗaya ban rage ba. Da na kai masa na zauna muka kalla tare. Ya gyara na'urorin kunnensa, ya ƙara sauti yadda yake so, ya ajiye rimot can nesa a kan tebur. Da aka kashe fitilun jirgin, ɗakin ya yi tsit, sai ga ɗigo-ɗigon haske shuɗi suna tasowa daga ƙasan allo, wasu suna kunnuwa suna mutuwa, wasu suna jan dogon zare a bayansu. Baba ya matso gaba a kujerarsa. Bai ce komai ba har aka hau sama. Sannan ya juyo ya ce, "Mayar da shi baya, wurin da suka kashe fitilar."